Tauraruwar da Baba Ya Daina Gani

Baba ya ce tauraruwar tana mutuwa. Ni kuwa ina ganinta tana ƙara haske, na kasa faɗa masa.

Mai wutsiya ce da suna kawai, don ko a madubin hangen nesa ba ta wuce ɗigon hayaƙi ba. Bayan shekara shida da 'yan kai take dawowa kusa da rana, kuma tun ba a haife ni ba Baba yake binta. Shi ya koya mini yadda ake auna haskenta. Za ka nemi taurari biyu a kusa da ita, ɗaya ya fi ta haske, ɗaya bai kai ta ba, ka murɗa madubin har su dishe su yi faɗinta, sannan ka kwatanta. Kuma ba a kallonta kai tsaye. Kana zuba mata ido za ta ɓace. Sai ka ɗan kawar da kallonka, gefen ido ya kamo ta.

A wannan zuwan tana yamma, tana faɗuwa jim kaɗan bayan magariba. Don haka da la'asar muke hawa dutse a tsohuwar motar Baba. Na gama karatu a Marrakesh na dawo gida da kyamara, ina ɗaukar hoton tauraruwar, shi kuma yana aunawa da ido yana aika wa ƙungiyar masu bin irin waɗannan taurari. Kullum awonsa raguwa yake nunawa, har ya fara cewa ƙila ta farfashe ne. Hotunana kuwa suna nuna tana kan hanyarta daidai, tana cika. Na yi ta zargin kyamarata. A gidanmu ba a gyara wa Baba lissafi, shi da ya koyar da shi har ya yi ritaya.

Ran nan Ammi Bihi ya iso kan dutsen a babur ɗinsa. Abokin Baba ne tun ƙuruciya, shi ya sa nake ce masa Ammi, wato baffa, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya daɗe a Agadir wajen 'yarsa. Muka yi salla, na ɗora shayi.

"Lahcen, har yanzu kana zawarcin tsohuwar nan?" ya ce wa Baba.

"Ta gaji, ɗan gidan waya," Baba ya ce. "Jana'iza ka zo."

Ammi Bihi ya sunkuya ya sa ido a madubi. Bai daɗe ba ya ɗago.

"Jana'izar wa? Ga ta nan fes, kamar an yi mata wanka. Har ta fi tauraron hagu haske."

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana kai wasiƙun mutane gidajen da ba nasu ba, me ka sani? Wani tauraron kake kallo."

"To ga alƙali. Nezha, 'yata, ba banza aka kai ki jami'a ba. Zo ki raba mu."

Na je na duba. Ko kawar da ido ban yi ba, tana nan zaune a tsakiya.

"Idona bai gama sabawa da duhu ba, Ammi," na ce.

Ammi Bihi ya kalle ni, ya koma ya zauna.

Na zuba shayi na miƙa wa Baba ta hagunsa. Yana ta magana, yana kallon Ammi Bihi. Hannuna na nan a miƙe, kofin ya kusa taɓa kafaɗarsa, tururi yana tashi dab da kuncinsa. Bai karɓa ba. Sai da ya ɗaga hannu yana bayani, gwiwar hannunsa ta doki kofin.

"Ke ma ki riƙa yin magana mana," ya ce, yana kaɗe rigarsa.

Na tuna yadda kwanan nan yake bugun ƙofar kicin da kafaɗa, da sabon ƙarcen da ke gefen mota wanda ya ce yaran kasuwa ne. Jarida kuwa yana karantawa lafiya lau, har ƙananan rubutu. Abin da ke gabansa yana gani. Tauraruwar nan ce kaɗai a duniya da ba ta yarda a kalle ta ta gaba.

Baba ya naɗe kayansa cikin fushi. Ammi Bihi ya ce zai tsaya ya ƙara dubawa da nasa ƙaramin madubin. Ina sa madubi a bayan mota ya matso kusa da ni.

"Kin iya tuƙi, ko?"

"Na iya, Ammi. Amma ba zai ba ni ba."

"Ki roƙe shi."

Ban roƙe shi ba. Na buɗe baki, ya riga ya tayar da mota.

Hanyar saukowa ba ta da shinge. Dutse a hagu, rami a dama, a gefen da nake zaune. Fitilar mota tana haska ɗan abin da ke gaba, ni kuma ina kallon inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara. A kwana ta farko taya ta hau tsakuwar, na ji duwatsu suna gangarawa, ban ji inda suka tsaya ba. Baba bai ko rage gudu ba. Yana cewa Bihi bai taɓa iya awo ba tun suna samari. Na riƙe kujera da hannu biyu. Ina shirya maganar a raina, ina rushewa. Yaya zan ce wa mahaifina idonsa ne yake mutuwa?

Ƙasa da gonakin tuffa akwai wata 'yar hanya da ke sauka daga hagu. Na hango alfadari ɗauke da ciyawa, wata mata tana jansa, sun riga sun sa ƙafa a kwalta.

"Baba, tsaya."

"Me kuma?"

"Taka birki, Baba."

Ya taka. Motar ta ja ta tsaya, damin ciyawa ya shafi gilashinsa ya lanƙwasa madubin gefe. Matar ta manne da dutse, igiya a hannunta. Baba ya juya kansa gaba ɗaya, kamar mai amsa kira daga baya, sannan ya gan su. Ya sauke gilashi ya ba ta haƙuri. Ta ce Allah ya tsare, ta ja dabbarta ta wuce tana waiwaye.

Muka zauna, inji yana aiki.

"Tun yaushe suke wurin?" ya tambaya.

"Tun daga kwana nake ganinsu."

Ya saki sitiyari.

"Tauraruwar fa?"

"Tana ƙara haske, Baba. Tun da ta dawo."

Ya buɗe ƙofa ya zagayo ta gefena, yana dafa mota har ya iso. Ni na kai mu gida.

Washegari muka tafi asibitin ido a Marrakesh. Likitar ta sa shi ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da ƙwarya, ta ba shi maɓalli, ta ce ya kalli tsakiya, duk sanda ɗigon haske ya ƙyafta ya danna. Ina tsaye a bayansa, ina hango ɗigon suna fitowa a gefe ɗaya bayan ɗaya, wasu ma da haske sosai. Babban yatsansa yana kan maɓallin, a shirye, bai motsa ba.

Ta ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Idon hagu saura kaɗan, na dama ana iya riƙe shi da maganin ɗigawa in bai yi wasa ba. Tuƙi kuma ya ƙare.

"Akwai wanda ya makance a danginku?" ta tambaya.

"Mahaifiyata," in ji Baba. "Mun ɗauka tsufa ne."

Likitar ta goge wurin ɗora haɓa da auduga, ta dube ni.

"Yana bin jini. Tunda kin zo, zauna."

Na zauna. Baba ya lalubo hannuna ya sa mini maɓallin.