Ƙorafin Cyril da Jan Biron Misis Thackray

A filin lambunan Skelby, bayan layin dogo, lambun Cyril Ackroyd ne yake jikin nawa. Ni nakan shuka kabeji in zauna ina kallon dodon-koɗi yana cinyewa, don na lura ba ya taɓa farawa ta gefen da rana take bugawa. Cyril kuwa tun da matarsa ta rasu bai sake shuka komai ba. Ya kafa ɗakin katako ya zuba tattabarun tsere goma sha huɗu, kowace da sunanta.

Dokar kwamitin lambuna ta ce fili na shuka ne. Sai aka aiko masa da takarda: ya kwashe tsuntsayensa, ya miƙa makulli kafin ƙarshen wata. Inda yake kwana kuwa, a hawa na uku, ko kyanwa ba a yarda a ajiye ba.

Sakatariyar kwamitin, Misis Enid Thackray, ta shekara talatin da biyu tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya, kuma ita ake miƙa wa ƙorafi a rubuce. Cyril ya cika shafi guda ya kai mata. Bayan kwana biyar takardar ta dawo ja wur.

"Wilf, zo ka ga ikon Allah," in ji shi. "Kamar an yanka kaza a kai."

Na ce, "Me ta ce a kan tattabarun?"

"Ko ambatarsu ba ta yi ba. Wai na fara jimla bakwai da 'kuma', na jera 'amma' uku a layi ɗaya."

Ya tare ta a bakin ƙofa tana rungume da kwandon dankali. "Misis Thackray, don Allah, za a bar ni ko za a kore ni?"

"Mista Ackroyd, ba zan kai wa kwamiti takardar da 'ko da yake' da 'amma' suke zaune a jimla ɗaya ba. Gyara ka dawo."

"Ni fa direban bas ne, ba lauya ba."

"Bas ɗin ma da ƙa'ida ake tuƙa ta."

Ran nan ana yayyafi, muka fake a ɗakin tattabaru muna shan shayi, yana ta jujjuya littafin dokokin kwamiti. Can sai ya tsaya a doka ta goma sha tara: ba a karɓe filin mutum muddin ƙorafinsa bai isa gaban kwamiti ba. Ya karanta sau biyu. Ya zauna a kan kifaffen bokiti ya yi ta dariya har tsuntsayen suka tsorata.

Daga nan duk mako biyu sai ya kai sabuwar takarda, ya yayyafa mata kurakurai kamar gishiri. Ita kuma ta gyara ta maido. Sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa. Shugaban kwamiti, Mista Pickersgill, wanda surukinsa yake jiran filin, har roƙonta ya yi a gaban jama'a.

"Enid, kawo mana ita haka nan mana! Mun gane abin da yake nufi."

Ta ce, "Sai dai in bayan raina."

Abin da Cyril bai hango ba, mutum ba ya shan gyara shekara biyu ya fita lafiya. Hannunsa ya fara ƙin yin kuskure. Wata Talata ya zo mini jiki a sanyaye, ya miƙo takarda. Jan layi ɗaya tal ne a jikinta, a ƙasa an rubuta: "Madalla. Saura ƙiris."

"Wilf, na shiga uku," in ji shi. "Na iya Turanci. Takarda ta gaba za ta wuce kwamiti, Pickersgill kuwa ya riga ya wasa wuƙa." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai a aji nawa ka tsaya?"

Na gaya masa. Fuskarsa ta washe, ya ba ni biro in rubuta masa ƙorafin da sunansa. Na zage na rubuta iyakar gaskiyata, ban saka kuskure ko ɗaya da gangan ba, har ma na ji rubutun ya burge ni.

Amsar ta zo a babban ambulan, da ƙarin shafi huɗu na bayani. Misis Thackray ta ce ba ta taɓa ganin mutum ya koma baya haka ba, tana zargin ko ya faɗi ne ya bugu a ka. Sai an faro daga tushe, kuma a lissafinta gyaran zai ci aƙalla shekara uku.

Cyril ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya je ya buɗe wa tattabaru ƙofa su sha iska.