Sunansa Muntaka

Kafin Ilu ya jingine kekensa, mai gadi ya riga ya gitta sanda a ƙofar makarantar. Ya ce yau sai mai kati, don baƙi sun zo daga Kano buɗe sabon ginin da za a riƙa koyar da Faransanci da Turanci. Ilu ya ce shi ba biki ya kawo shi ba. Maƙwabcinsa Malam Muntaka ne ke kwance rai a hannun Allah, ya aiko shi ya kira Alhaji Baraka mai makaranta, don ya damƙa littattafan aji hannu da hannu, ya kuma faɗi wanda zai riƙe yaran bayansa.

Mai gadi ya ce babu wani Muntaka a nan. Ya tambayi mai shara, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Aka aika ofis, aka dawo aka ce wataƙila makarantar gwamnati dattijon yake nufi. Rabin awa ta tafi a haka, rijiya ta bayar guga ya hana.

"Malamin Faransanci," in ji Ilu. "Dogo, mai tabarau ɗaure da zare."

"Au, Mushe. To baba ai sai ka ce Mushe." Mai gadi ya tuntsire da dariya. "Mushe kuma zai sake wata mutuwar?"

Ilu ya ji kamar an watsa masa garwashi. Wannan suna ya daɗe yana ci masa rai. Muntaka ya yi shekara ashirin a Maraɗi, can ya iya Faransanci, kuma can haka ake kiran malamin boko, mushe, kalmar Faransawa ce da baki ya lanƙwasa. Ranar da ya fara aji a Rogo ya faɗa wa yara wannan cikin wasa, sunan ya bi shi. Ilu ya sha yi masa faɗa ta kan katanga, cewa a ƙasar nan mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, wadda ake ja a yar bayan gari, ba a kiran Musulmi mai rai da shi. Muntaka sai ya yi murmushi ya ce in dai za su iya karatun, su kira shi abin da suka ga dama.

Da yara tara ya fara, a ɗakin da Alhaji ke tara buhunan gyaɗa. Iyaye suka ce Turancin ma bai zauna ba, ina ga yaren Nijar. Shi ya bi su har gona, Jajaye, Gwangwan, har Ƙaraye ranar kasuwa, yana roƙo a ba shi yaro zango ɗaya a gani. Littattafan ma da hannunsa ya rubuta, kowace kalma da Faransanci da Turanci da Hausa. Yau yara sun haura ɗari uku, an kafa allo an rubuta Intanashinal. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ilu ya ture sandar ya shige.

Alhaji Baraka na ƙarƙashin rumfa cikin babbar riga, yana ba baƙi labarin yadda dabarar harshe biyu ta faɗo masa a cikin jirgi. Ilu ya rusuna, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya raɗa masa saƙon. Alhaji ya ce sai an yanke ƙyalle an ci abinci, baƙi ba a barin su a rana.

"Ka gaishe min da Mushe. Allah ya ba shi lafiya."

Ilu ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba, amma har kujerun baya an ji.

"Alhaji, sunansa Muntaka. Shekara goma sha ɗaya yana yi maka aiki. Uwarsa ba ta haifi mushe ba."

Baƙi suka kalli juna. Alhaji ya gyara hula, ya ce a kawo wa baba lemo. Wanda bai san darajar goro ba, shi ke barin sa a rana.

Mutum ɗaya ce ta motsa: Malama Munawwara, ɗaya daga yaran nan tara na ɗakin gyaɗa, wadda yanzu take koyarwa a ƙaramin aji. Ta bar layin yaranta da ta jera don tarbar baƙi, ta biyo Ilu a ƙafa, shi yana tura keke.

Tun daga bakin lungu suka hangi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tasalla, matar Muntaka, ta tare su a tsakar gida, idonta a bushe. Ta ce sau uku yana tambaya ko an zo. A na ukun ta ce masa suna hanya. Ilu ya tambaya ko ya ambaci wanda zai riƙe yaran. Ta ce bai samu faɗa ba, ya ce a gaban Alhaji zai faɗa, don kada a ce ita ta ƙirƙira.

Ta shiga ɗaki ta fito da littattafan, guda goma sha huɗu, ƙulle a tsohon zane. Ta tsaya tana duban wanda za ta miƙa wa. Munawwara ta durƙusa a ƙasa da ankon bikinta, ta buɗe hannu biyu.

Ilu ya naɗe hannun rigarsa, ya zaga bayan gida ya fara tsinko ganyen magarya na wanka.