Yatsu Huɗun Nomau

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni, kuma a kan girman kai ya ɗauke ni, wanda magabata suka kira rawanin tsiya. Mai laifin ba bare ba ne. Nomau ne, ɗan ƙanena marigayi, direban da ke jigilar mutanenmu zuwa kasuwar Laraba a tsohuwar motar daji da ya gada wurin ubansa. Motar ta tsufa, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Yashi take ci, laka take ci. Aibinta guda ne a idon Nomau: in ya tsaya a tasha, direbobin sababbin motoci ta sama suke leƙo shi.

Na gan ni a kujerar gaba, Nomau na tuƙi. Ƙurarmu ba ta bin bayanmu, gaba take yi ta tsaya tana jiranmu. Muka wuce wasu mutane suna naɗe hanyar da muka biyo kamar tabarma, suna jingine ta da bango. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali bakina ne. Duk maganar da na ɗauko, kafin ta kai leɓe ta zama gaisuwa.

"Baffa, yau zan ƙara wa motar nan tsayi," in ji Nomau. "Yatsu huɗu kawai. Ai ba wani abu ba ne."

Na yi niyyar in ce masa kayan aro ba ya rufe katara. Na buɗe baki na ce, "Sannu da aiki."

"Yauwa, Baffa. Na san za ka sa albarka."

Sai ga mu a gareji, a tsakiyar wani busasshen kududdufi. Bakaniken zalɓe ne, tsuntsun nan na bakin ruwa, sai dai wannan ƙafafunsa sun fi azara tsawo, baƙin mai har wuya, ga sifana a maƙale a fiffike. Bai amsa sallamarmu ba. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da baki.

"Direba, nawa kake so a ƙara?"

"Yatsu huɗu, Oga, kowace taya."

"To, mu nan ba ma ƙera tsayi. Tun ran da aka yi duniya an gama rabon shi. Sai dai a ciro a wani wuri a liƙa a wani wuri. Kai a ina za a ciro maka?"

Nomau ya yi dariya. "Ko'ina, Oga. Ni dai in ga ta tashi."

Zalɓe ya kafa jak, ya cire tayar baya, ya kwance notocin da ke riƙe da sifirin. Daga nan ya miƙa wuya. Wuyan ya yi ta tafiya, ya tsallake tudu, ya ɓace, mu kuma muna tsaye tare da gangar jikin. Da ya dawo, ga wani abu a bakinsa kamar curin sabulu, baƙi, yana tururi. Ya cusa shi tsakanin sifirin da ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya ɗaure noti tamau. Wannan kusurwa ta motar ta tashi.

Idona ya faɗa kan madubin gefe. Maimakon in ga bayan mota, gidan Nomau na gani. Duwatsun da rumbunsa ke tsaye a kai babu su, rumbu ya zauna daɓas a ƙasa. Gara ta riga ta yi layi, kowace in ta zo bakin gero sai ta yi sallama ta shige.

Taya ta biyu, ginin bakin rijiyar gidan aka ciro. Rijiya ta yi daidai da ƙasa. Akuyarsa mai ciki ta taho tana tuƙa, ta taka, ta tafi ciki ko kuka ba ta yi ba. Wannan kam Nomau ya gani da idonsa. Ya dubi bayan motar da ya ɗaga kamar gindin tururuwa, sannan ya sa hannu ya juya madubin.

"Kayan gidanka sun ƙare," in ji Zalɓe. "Katangarka ta kara ce, ba ta da abin cira. Akwai mai rai?"

Na kama hannun rigar yaron nan, na tattaro duk ƙarfina don in ce masa wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

"Ina gajiya?" na ce.

"Ba gajiya, Baffa, sake ni." Ya juya wurin Zalɓe. "Akwai Inna Hansai, mahaifiyata. Ita tsayin me ya tsinana mata? Yini take a zaune tana cura daddawa."

Wuya ya sake tafiya. Wannan karon ya daɗe, kuma curin da ya kawo fari ne, da ɗan zanen atamfa a jikinsa. Ba sai na duba madubi ba. Daga can nesa na ji ƙashi ya yi ƙas, kamar an karya kara, na kuma ji muryar Hansai tana cewa, "Wayyo bayana," a hankali, kamar mai gudun kada ta ta da baƙo daga barci.

Yanzu mota ta tsaya a karkace, uku a sama ɗaya a ƙasa, kamar kare zai yi fitsari. Nomau ya dube ta, ya dube ni.

"Oga, ga Baffana. Ciri nasa."

Zalɓe ya sunkuyo ya auna ni da baki daga ƙeya zuwa dunduniya. Bakin da sanyi kamar ƙarfen asuba. "Wannan shekaru sun riga ni," ya ce. "Abin da ya rage ko keke ba zai ɗaga ba. Direba, ko ka tafi da ita a haka, ko ka miƙo ƙafa."

Mai rabon shan duka ba ya jin bari. Nomau ya tuna dariyar tasha, ya zauna a kan taya, ya miƙe ƙafafu. Ba jini, ba zafi. Da ya tashi, wandonsa na jan ƙasa.

Sai ga mu a tasha. Nomau yana can sama, ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana jiran a ɗago kai a gan shi. Babu wanda ya ɗago. Wani jaki mai yankan tikiti ya ce da shi, ba tare da ya dube shi ba, "Malam, nan ba a kallon sama ranar Laraba."

Aka kafa tsani, matan kasuwa suka hau baya. Aka ɗauko Hansai aka ɗora, a duƙe kamar lauje, fuskarta na kallon gwiwarta. Ta miƙo mini ƙwaryar daddawarta ta taga, ta ce, "Yaya, riƙe mini, hannuna ba ya kaiwa." Na karɓa da hannu biyu. Tun daga lokacin hannuwana suka manne da ƙwaryar.

Totur dogo ne, Nomau yana taɓo shi da babban yatsa. Muka kama hanya. Mota ta riƙa tangaɗi, a kowace kwana sai ta kwanta gefe kamar raƙumin da ya sha giya, matan baya suna salati. Ba wanda ya tuna da birki sai da muka hau kan gangaren gulbi.

Nomau ya kai ƙafa. Ƙafa ta taka iska.

Ya zamo gaba, ya riƙe sitiyari da haɓa, ya miƙe har jijiyar wuyansa ta fito. Ina kallo. Tsakanin yatsansa da birki, tafin hannu zai shige a kwance.

"Baffa, danna! Danna mini da hannu!"

Hannuna na kan ƙwarya. Na yi kururuwa iya ƙarfina, abin da ya fito shi ne, "Ya iyali?"

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Motar ta shiga gulbi ba ƙara, ta yi taku kaɗan a cikin ruwa, ta kwanta a gefe kamar saniya. Muka fito. Ruwan iya haɓa ne. Kowa ya yi ɗage, ya ɗaga hanci, yana takawa a hankali zuwa gaɓa, ni da ƙwarya a sama. Na waiga neman Hansai. Kallabinta na hango yana tafiya a kan ruwa, ita kuma tana ƙarƙashinsa a duƙe, tana takawa, ba ta daina ba. Da bayanta a miƙe yake, da hancinta na waje.

Nomau ya nufe ta. Taku biyu, ruwa ya rufe masa baki. Ya yi tsalle ya shaƙi iska ya ce "Inna!", ya nutse. Ya sake tsalle, ya sake nutsewa. Ya kamo ta a ƙasa, amma wanda bai kai ba, wa zai ɗaga?

Zalɓe yana tsaye a tsakiyar gulbi, ruwa ko gwiwarsa bai kai ba.

"Oga!" in ji Nomau a tsalle guda. A na biyu ya ce, "Kwance nata!" A na uku, "Mayar mata!"

"Abin da aka ɗaure da noti ya zama na mota," in ji Zalɓe. "Mota kuma ta zama ta gulbi. Je ka roƙe shi."

Ya sa baki ya tsamo Nomau ta wuyan riga, ya ajiye shi a gaɓa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sannan ya lissafa masa, a natse, yadda bakanike ke faɗa wa mai mota aikin da aka yi. Geron shekara, gara ta ci. Akuya da abin cikinta, suna rijiya, rijiyar kuma ba ta shawuwa. Motar ubanka, gulbi ya karɓa. Ƙafafunka, haka za ka ƙare da su, ba za su ƙara taka birkin kowa ba. Uwarka kuwa, ga abin da ya iso.

Kallabin ne ya zo ya tsaya a gaban Nomau, shi kaɗai, ruwa na ɗan kaɗa shi.

Ruwan ya yi ta ƙara a kunnena, bul-bul-bul, har na buɗe ido. Gari ya waye. Ɗan garuwa ne yake juye ruwa a randar tsakar gida.