Tabon Kofuna a Bayan Olek

Alƙaliya tana karanta rahoton sabon likita, amma hankalin Danuta yana kan taga, inda dusar ƙanƙara ke sauka a hankali kamar ana tankaɗen gari. Ɗumin kotun ya sa idonta nauyi. Sai ga ɗanta Olek a ranta, kwance rub da ciki a kicin yana ƙyalƙyala dariya, surukarta Wiesia, uwar mijinta, tana kara ƙananan kofunan gilashi a wuta tana kafa masa a baya. Haka ake yi wa tari a garinsu Lublin tun kaka da kakanni.

Sai dai tabon Olek ya ƙi washewa. Ya yi baƙi, ya bazu har haƙarƙari. Likitan farko ya kafe cewa kofi ba ya yin haka, sai hannun ƙato. Ƙato kuwa ɗaya ne a gidan, mijinta Leszek, direban babbar mota. Kotu ta ɗauke yaron ta ba wasu riƙo. Lauya ya ce in tana son ɗanta, ta raba gida da uban, ta kuwa raba. Ba shawarar lauya kaɗai ta bi ba. Zuciyarta ma ta gaskata likitan, kuma Leszek ya ga haka a idonta.

"Jinin yaron ba ya daskarewa da wuri," in ji alƙaliya. "Gado ne ta wajen uwa. Ɗan matsi kaɗan ya isa ya bar masa irin wannan tabo."

Wiesia ta miƙe daga bencin baya. "Yauwa! Yara bakwai na kafa wa kofuna, ranki ya daɗe, babu wanda ya mutu sai wanda giya ta kashe!"

"Iya, zauna, ko in sa a fitar da ke."

Aka soke tsohon hukunci, Olek zai koma gida. Danuta ta ji maganar kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ta zuba wa jijiyoyin hannunta ido. Ga jinin da ya haddasa komai yana gudu abinsa, ko a jikinsa. Murna da kunya suka cika mata ƙirji.

A waje ta tarar da Leszek jingine da bango, hula a hannu. Ya rame har kwat ɗin ta yi masa yawa.

"Ka ji ko? An wanke ka. Ka dawo gida yau, zan dafa maka miyar kabeji."

Ya yi ɗan murmushi, ba fushi a fuskarsa.

"Na ji, Danusia," in ji shi, da sunan lelen da yake kiranta da shi. "Amma ki duba. Ita alƙaliya ba ta san ni ba, dole ta jira takardar likita. Ke fa?"

Ya sa hularsa, ya ce zai zo ganin yaron ranar Lahadi. Sannan ya kama hannun mahaifiyarsa, suka sauka matakala a hankali.