Fuskar da Aka Sauya wa Kwamfutar Baba

Ranar Alhamis da hantsi Glenn ya kira yayarsa Bronwyn tana wurin aiki a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Bron, Baba ya ce in kawo masa takardun gidan tsofaffi. Yau da yamma zai sa hannu."

"Wane Baban? Wanda ya rantse gawarsa kaɗai za a fitar daga gidan nan?"

"Shi fa. Wai kansa ya fara tafiya. Na yi juyin duniya ya faɗi abin da ya gani, ya ƙi."

Ta kama hanyar Port Pirie, garin da Baba yake, tafiyar awa biyu da rabi. Mahaifin nasu, Clarrie Pascoe, tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, shekara tamanin da huɗu, taurin kai kuwa sai wanda ya gani. Ciwon mantuwa ne ya ɗauke mahaifiyarsu a hankali, shi ya yi jinyarta shekara shida, don haka ya san yadda abin yake somawa. Amma ai ranar Lahadi lafiya lau ta bar shi, yana ta zagin alƙalin wasa a talabijin.

Ta same shi a baranda, ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci, ga akwati a gefensa. Shayinsa ya huce.

"Baba, me ya faru?"

"Ba komai, 'yar nan. Lokaci ne ya yi."

A falo ta ga an lulluɓe kwamfutarsa da tawul ɗin goge kwanuka. Ita ta haɗa masa ita da manhajar Linux, ta zaɓa masa fuska, wato tsarin da allo ke nunawa, marar ado mai suna Xfce, da manyan maɓallai uku: labarai, jadawalin magani, da kiran jikoki. Shekara biyar ba abin da ya motsa daga wurinsa.

To, Bronwyn tana da cuta ɗaya, hannunta ba ya ganin kwamfuta ya ƙyale. A gidanta fuska huɗu ta jera wa na'ura guda, tana sauya su kamar riguna. Ranar Lahadin nan, Baba yana barcin rana, ta saka wata fuskar, KDE, kusa da tasa, don kawai ta ga ko tsohuwar na'urar za ta iya ɗauka. Da sunansa ta shiga kwamfutar. Da ya farka ta kashe, suka sha shayi, ta tafi. Ita kuwa kwamfuta, fuskar da aka shiga da ita a ƙarshe, ita take buɗewa gobe.

Ta yaye tawul ta kunna. Allo ya kawo shuɗi, baƙo, da ƙananan alamomi a ƙasa. Maɓallan nan uku babu ko ɗaya.

"Kin gani ko?" in ji Baba daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Kwamfutata ce, na san tawa ce. Ranar Litinin na zauna gabanta, ban gane komai ba. Haka uwarku ta tsaya gaban murhunta."

"Me ya hana ka kira ni?"

"In ce miki me? Na manta abin da nake yi kullum?"

Ta fita daga sunansa, ta danna ɗan wurin zaɓi a allon shiga, ta ɗauki Xfce. Ko minti ɗaya ba a yi ba, sai ga maɓallansa uku, kowanne a mazauninsa.

"Ni ce, Baba. Ni na saka wata fuskar, na manta ban mayar ba. Kanka lafiyarsa ƙalau."

Ya matso, ya zauna, ya kama linzamin kwamfutar. Ya buɗe jadawalin magani ya rufe, ya sake buɗewa. Ta so ya zage ta, zagin nan nasa na ma'aikatan jirgi, ko ta ji sauƙi. Bai yi ba, kunya kuwa ta hana ta zama.

"Kira ƙanenki ki ce ya juya da takardunsa," ya ce, idonsa na kan allo.

Ta ɗauko waya. Kafin kiran ya shiga, Baba ya sake magana.

"Kwana huɗu, Bronwyn. Kowace safiya sai na jero sunayenku da na yaranku da ƙarfi, ina jira in ji wanne zai fara ɓace mini."