Kwanon Iya

Ranar da wayar Iya ta fara ƙara, a cikin tukunyar hatsi take. Can Iya, surukata, take ɓoye ta, wai kada ɓera ya ci, kamar ba a bakin tukunyar ɓeran yake kwana ba.

Wata ƙungiya ce ta zo ƙauyenmu tun da rani. Suka bi gida-gida suna leƙa ɗakuna, suka ba kowane gida 'yar waya, suka ce kuɗi zai shigo ta ciki sau ɗaya, ba bashi ba ne, kuma ba mai tambayar abin da aka yi da shi. Muka yi musu irin godiyar da ake yi wa mai taɓin hankali, kowa ya koma sabgarsa. Ta gidanmu da sunan Iya aka yi, don ita ce babba.

To sai ga tukunya tana kuka. Iya ta tono wayar, ta hure mata ƙura, ta miƙo min da yatsu biyu.

"Ke mai karatu, duba min. Ko rasuwa aka yi?"

Na karanta, na sake karantawa: kuɗin ne ya shigo. Kafin in buɗe baki ihu ya tashi a gidan maƙwabta, na gaba da su suka karɓa, can na ji matar tela tana kiran sunan Allah tana dariya kamar ana yi mata cakulkuli. Ƙauye ya rikice. Wanzami ya bar mutum da rabin aski ya ruga gida. Gwauron da ke bayan rijiya, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, shi ne ya riƙa tare mutane a hanya yana tambayar farashin akuya.

Maigidana shi ne autan Iya, facin keke yake yi a gindin bishiya. Ya shigo da gudu, hannu duk baƙin mai, ya durƙusa gaban uwarsa yana wani ladabi da ban taɓa ganin irinsa ba tun da aka kawo ni gidan. Babur yake so. Ya daɗe yana so, har cikin barci yakan murza hannu.

Ni kuwa hankalina yana kan ɗakin Iya. Jinkarsa ta ruɓe tun kafin in zo, kullum a ɗora sabuwar ciyawa a kan tsohuwa, ruwa kuma ya san hanyarsa. Da hadari ya haɗo, Iya za ta tashi ta jera kwanuka a ƙasa, kowane da wurinsa: ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan gado, babban a tsakiya. Ta tsuguna tana juya su, ta zubar da wanda ya cika, ta mayar. Ba ta taɓa kwanciya ana ruwa ba. Daminar bara ta bar mata tarin da har yau bai sake ta ba, malamin asibiti kuma ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ƙirjin nan ba zai ɗauki wata damina a cikin danshi ba. Maganar nan tana tsaye min a rai, don duk faɗan da muke yi ina son tsohuwar nan.

Iya ta bari Auta ya gama zuba, sannan ta ce, "Kwano nake so."

"Kwano kawai, Iya?"

"Kwano. Mai kauri, wanda ba ya saurin tsatsa. Wanda zai ishi ɗakina da naku."

"In an samu saura fa?"

"In ya yi saura, naka ne."

Ya miƙe har yana tuntuɓe da turmi. Na yi mamakin murnarsa, don na san kuɗin da kyar zai kai, amma na ce a raina ashe dai mutumin nan yana da zuciya.

Washegari ya ɗauki wayar ya tafi gari wajen mai cire kuɗi. Da la'asar tun daga nesa muka ji shi: ƙwal, ƙwal, ƙwalalam. Yara suka biyo shi a guje. Ya shigo tsakar gida a kan keke, ba ka ganin komai nasa sai kai, gaba kwanuka, baya kwanuka, har a wuya ya rataya wani mai murfi. Sababbi fil, suna ƙyalli.

"Iya, ga su! Masu kauri, na ƙwanƙwasa kowanne da kaina. Wannan babban na tsakiyar ɗaki ne, zai kai asuba bai cika ba. Sauran kuɗin kuma na ba mai babur, gobe zai gama gyaran birki in ɗauko."

Wallahi dariya ce ta fara kama ni, har na riƙe ciki na jingina da bango. Sai na ɗaga ido na hango gabas ta ɗan yi duhu, dariyar ta yanke.

Iya ta kalli ɗanta. Ta ce, "Auta, kwanon rufi na ce."

Ya kalli kwanukan, ya kalli jinkar ɗakin, ya dawo ya kalle ta.

"Na rufi? Mu?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Iya, mu ne za mu yi rufin kwano?"

Da na shirya masa baƙar magana, na ce kunnensa abin da aljihunsa ke so ya ji. Sai na fasa. Tun da aka haife shi, in an ce kwano a gidan nan abin tarar ruwa ake nufi. Ɗayan kwanon na makaranta ne da asibiti da gidan mai shago, bai taɓa jin an ambace shi da sunanmu ba. Tausayinsa ya kama ni, ya kuma ba ni haushi, duka lokaci ɗaya.

Da safe Iya ta ce a ɗauro jakin maƙwabci a amalanke. Matar da rabonta da gari har ta manta, ita ce ta hau ta harɗe a tsakiyar kwanuka tana ba jaki umarni. Ni da Auta muna gefe, shi kansa a sunkuye. Duk ramin da muka faɗa sai kwanukan su amsa, mutane su fito daga gonaki suna ɗaga mana hannu, Iya tana ɗaga musu kamar amalanken nata ne.

Mai babur wani ƙato ne mai tumbi, yana zaune a ƙofar shagonsa. Ya saurare mu yana sakace.

"Iya, ki yi haƙuri, ciniki ya riga ya faɗa. Ni da ɗanki muka yi, kuma ba yaro ba ne."

"Gaskiyarka," in ji Iya. "Ke, sauko min da kayan nan."

Ta shiga shagon mutumin nan ta fara jera kwanuka. Ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan bencinsa, babban a tsakiya. Ta ɗauki butarsa ta miƙa wa Auta.

"Hau kan teburin can. Ɗiga."

Auta ya hau, ya fara ɗiga ruwa. Tau. Tin. Tau. Iya ta tsuguna tana ja da wannan, tana tura wancan, tana tari, hannunta ya san aikinsa ko ba ta duba ba. Masu wucewa suka tsaya, mai shayi ya bar tukunyarsa, wani ya ɗaga ɗansa a kafaɗa don ya gani.

"Haka nake kwana, ɗan nan," ta ce da mai babur. "Auta, akwai na kan gado. Ɗiga masa a ka."

Auta ya ɗiga. Ruwan ya bi sanƙon mutumin ya gangaro ta hancinsa, kasuwa ta fashe da dariya, shi kansa tumbinsa ya fara rawa.

"Ya isa, Iya, ya isa! Don Allah kwashe su." Ya shiga ciki ya fito da kuɗin ya danƙa mata a hannu, ita ba Auta ba. Sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Amma ki bar min guda. Nan kusurwar ma tana yoyo."

Mai kwanuka dai ya rantse ba ya karɓar abin da ya riga ya jiƙe. Don haka muka sayi na rufi da kuɗin da ya rage, muka dawo gida da kwano iri biyu, dogaye a ƙasa, masu zurfi a sama, ga kafinta a zaune a kai yana riƙe da jakar ƙusa. Abin da kwanukan Auta suka ci ya sa rufin ya ishi ɗakin Iya kaf, namu kuma ya tsaya a rabi. Na gyara shimfiɗa yadda rabin jinkar ya faɗo daidai inda Auta yake kwanciya.

Ruwan farko da rana tsaka ya zo. Ban san haka kwano yake da baki ba, ƙara kamar ana zazzage tsakuwa a ka. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle, ni na ruga ɗakin Iya in ga yadda take.

Na same ta ta riga ta jera kwanukanta a ƙasa. Bakin ƙofa, kan gado, tsakiya. Tana tsugune tana jira. Ta ɗan matsar da na tsakiyar, ta ɗaga kai ta duba sama, ta sake jira. Ta sa yatsa ta shafa cikin na kan gadon, ta kalli yatsan. Sai ta juyo gare ni, fuskarta a rikice, ta ɗaga murya don ta fi ƙarar rufin.

"Ke! Me mutane suke yi idan ana ruwa?"

Na ji hawaye ya cika min ido, ina dariya. "Barci, Iya!"

"Da rana tsaka?"

"Ko yaushe!"

Daga ɗayan ɗakin muka ji Auta yana ƙwala kira, wai a taimaka masa da babban kwano, katifa tana jiƙewa.

"Kwashe ki kai masa duka," in ji Iya. "Bar min guda."

Da na dawo ta hau gado ta miƙe ƙafafu, ta ja zane har wuya. Kwanon da ta rage yana nan kusa da ita a kan katifa. Ruwa yana ta dukan rufi, ita kuwa har ta fara minshari, hannunta ɗaya a cikin busasshen kwano.