Reshen da Zungu Ya Kai Turai

Gawar Nokwazi ta iso gida a cikin akwati, aka binne ta a bayan garken shanun ubanta, a wani ƙauye kusa da Nongoma. Amma kowa ya san jiki kawai aka rufe. Ita kanta tana can Turai, a ɗakin hayar da numfashinta ya tsaya, inda ta je aikin jinyar tsofaffi. Wanda ya mutu a nesa ba ya gane hanyar gida da kansa. Sai an yanki reshen magaryar kura a gidansu, an kai inda ya cika, an kira sunansa ya hau, a taho da shi ana faɗa masa kowace kwana. Mai riƙe da reshen kuwa ba ya magana da kowa sai mamacin. In ya kuskura ya amsa wa wani, nan take mamacin zai sauka, reshen ya zama itacen banza, sai a koma gida a yanko sabo. Shi ya sa mutum biyu ke tafiya, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zama bakinsa.

Uwarta, MaCele, ta daina barci. Kullum sai ta yi mafarkin 'yarta a tsaye cikin sanyi babu rigar kirki.

"Baban Nokwazi, yarinyar nan tana jiranka," in ji ta. "Ko tasha ba ka taɓa barinta ta jira ba."

Uban, Fanyana Zungu, ya sayar da bijimi, shi da ƙanensa Velaphi suka tafi Pretoria neman biza. Dillalin da ya shirya musu takardu ya ce kada wanda ya ambaci reshe. "Ku ce yawon buɗe ido za ku, Baba. Kallon gine-gine."

"Ni da tsufana, kallon gine-gine?" in ji Zungu. "Na ga ginin Durban shekara da shekaru ina dako a tashar jiragen ruwa, ko ɗaya bai taɓa gaishe ni ba."

"Yaya, ka ce haka ɗin kawai," in ji Velaphi. "Ni zan yi maganar, kai dama fuskarka ta isa ta kori Bature."

Aka ba Zungu biza, domin yana da fansho da fili da shanu, abubuwan da ke nuna mutum zai dawo. Aka hana Velaphi. Ba aiki, ba mata, ba komai da sunansa. A bakin ƙofar ofishin ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hula.

"Sun ba beben, sun hana bakin," ya ce, ya yi wata dariya marar daɗi. "A jira, Yaya. A sake nema."

Zungu ya tuna idanun matarsa. Bizar kuma ta 'yan kwanaki ce, shiga sau ɗaya. Ya koma gida ya yanki reshen, ya naɗe shi da farin zane, ya tafi shi kaɗai.

A can, ƙawar 'yarsa mai suna Zandile ta tarbe shi. Matsalar ita ce an riga an ba wani hayar ɗakin, mutumin kuma ya yi tafiya da makulli. Suka yi ta jira. Zandile ta ce su yi kiran a bakin titi, ai kusa ne. Zungu ya girgiza kai. "A titi ta mutu? Kina so in ɗauko 'yar wani?" Aka ɗaga ranar jirgi. Ranar da aka buɗe ɗakin, bizar ta riga ta ƙare tun jiya. Zandile ta sani, ta ce kwana ɗaya ba wani abu ba ne, ga mai fita ba a cika tambaya ba.

Ya durƙusa a gefen gadon, ya shafa reshen a ƙasa. "Nokwazi, 'yar Zungu, ni ne babanki. Tashi mu tafi gida, uwarki na jira." Da ya miƙe ya ji reshen ya yi nauyi a hannunsa, irin nauyin da take da shi tana jaririya.

Daga nan bai ƙara kallon kowa ba. "Ga matakala, 'yata, a hankali. Yanzu za mu shiga mota. Ga filin jirgi, kada taron ya ba ki tsoro." Zandile ta yi masa baki wajen mai mota da wajen masu auna kaya, har zuwa ƙofar da marar tikiti ba ya wucewa. Nan ta tsaya tana share hawaye. "Baba, ka miƙa fasfo kawai, ka karɓa, ka wuce."

Jami'in shige da fice saurayi ne mai ladabi. Ya buɗe fasfon, ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago. Ya tambayi me ya sa aka wuce wa'adi. Zungu ya ji sarai, Turancin tashar jiragen ruwa bai bar kunnensa ba. Ya nuna bakinsa, ya girgiza kai. Ya sunkuya ya raɗa wa reshen, "Tsayawa muka yi kaɗan, kada ki sauka."

Jami'in ya ga mutumin da ya nuna ba ya magana yana magana da ƙunshin zane. Ya kira wata babbarsu. Suka kai shi wani ɗaki, suka ba shi kujera da ruwa. Matar ta yi tambaya cikin lallashi, ko ba shi da lafiya, ko a kira masa likita. Ta miƙa masa biro ya rubuta. Zungu sunansa kaɗai ya iya rubutawa, shi ya rubuta. Ta lasifika aka fara kiran fasinjojin Johannesburg.

Ba mugunta suka yi ba, aikinsu ne su san abin da ke cikin zanen. Saurayin ya miƙa hannu ya kama bakin ƙunshin, ya ja.

"Kada ka taɓa ta! 'Yata ce!"

Muryar ta cika ɗakin kafin Zungu ya san daga bakinsa ta fito. Saurayin ya saki. Zungu ya dubi hannunsa. Reshen ya koma sakayau kamar tsinken shara.

"Nokwazi," ya ce. "Nokwazi, dawo. Kuskure na yi."

Tunda bakin ya buɗu, sai ya gaya musu komai. Matar ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba za a tsare shi ba, za a raka shi jirgi, reshen ma ya tafi da abinsa. Amma wuce wa'adi da kuma cewa yawon buɗe ido ya zo, dole su shiga takarda, zai yi wuya a sake ba shi biza nan kusa. Ya waiwaya ya dubi ɗakin, farin bango da kujeru da kwandon shara, babu ko taga. Nan ya bar 'yarsa.

Velaphi ya tarbe shi a Johannesburg, ya karɓi jaka, ya yi masa baki har Nongoma. Zungu ya yi shiru duk tsawon hanyar, reshen a kan cinyarsa. Ba wani na gida da ya ga abin da ya faru. In ya ci gaba da shirun ya shiga gida, a yanka akuya, a soke reshen a rufin ɗakin kakanni, wataƙila MaCele ta samu barci.

Sun iso da la'asar. An ɗaure akuyar a bakin garke, an dama giya, dangi sun jeru ba mai motsi. MaCele na tsaye a ƙofar gida da bargo sabo a hannu, ba mijinta take kallo ba, farin zanen take kallo.

"Sannu da hanya, 'yata," ta ce. "Shigo, kin sha sanyi."

Zungu ya tsaya, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Velaphi ya taɓa masa kafaɗa alamar ya shiga. Bai shiga ba.

"MaCele," ya ce, "ku kwance akuyar."